Gubar Malama

Litinin, da safe, kafin in tafi makaranta

Na daina shan gahawa. Na rubuta ne don in gani da idona, domin idan a baki kawai na faɗa, na san halina, kafin azahar zan ce ai wasa nake yi.

Ranar Alhamis na yi wa Allah alkawarin, a barandar asibiti, a kan bencin nan mai sanyi, bayan sun shiga da Direba sun rufe ƙofa. Na ce ya Ubangiji, ka dawo mini da mijina gida yana sane da ni, ni kuma na bar abin nan. Ban san me ya sa gahawa ce ta zo bakina ba. Wata mai hankali sadaka za ta ambata. Amma tun muna amarya da ango abin da yake roƙona ke nan, ni kuma ina yi masa kunnen uwar shegu.

Shi bai taɓa sha ba, ko ɗanɗanawa. Amma shi ke niƙa mini, shi ke dafawa, tun yana tuƙin bas har ya ajiye. Zai dire mini kofin a gaba ya ce, "Ga gubarki, Malama." Ni kuma in ce, "Allah ya saka wa mai kashe ni da alheri." Daga nan ne gari yake waye mana.

Yau ruwan zafi na sha, haka nan tsurarsa.

Litinin, bayan la'asar

Kaina kamar zai rabe biyu. Na rubuta lissafi a allo, na juyo na manta ajin da nake.

Talata, da yamma

Na je asibiti. An cire masa robar hanci. Idonsa a buɗe, yana bin fankar sama da kallo. Na ce, "Direba, ni ce." Ya dube ni irin duban da yake yi wa fasinjan da ya tambaye shi hanyar da ba tasa ba, da ladabi, ba tare da sani ba. Sai ya koma kan fanka.

Nas ɗin da ke duba shi, wata doguwa mai tabarau, ta ce in riƙa yi masa hira, yana ji. To me zan ce? Shi ne mai surutun gidanmu. Na ba shi labarin famfon bayi da ke ɗiga, sai na tuna a bakin famfon ne ya yanke jiki ya faɗi, na bar zancen.

Hannun damansa, ɓarin da ya shanye, yana nan inda aka ajiye shi. Na gyara masa bargo na fito.

Laraba, da safe

Na kwashe komai. Gwangwanin gahawar na juye a shara, na kai sharar waje da kaina don kada in dawo in tona, kuma wallahi da na tona. Ɗan injin niƙansa na hannu, mai katako da ɗan aljihun tara gari a ƙasa, na sauka da shi na ba matar tela da ke ƙasan benenmu. Ta ce, "Malama, wannan ba na Baba ba ne?" Na ce an gama da shi. Ta juya shi, ta ce zai yi mata amfani.

Na wanke labulen kicin, na goge kanta da ruwan sabulu. So nake ran da zai shigo gidan nan ya shaƙa ya ji babu, ya san cewa sau ɗaya a rayuwata na ji maganarsa.

Shuɗin kofin da yake dire mini ne na kasa bayarwa. Na tura shi can bayan tukwane.

Alhamis, lokacin tara

A ɗakin malamai, malamin tarihi ya buɗe fulas ɗinsa daidai hancina. Mutumin nan ba shi da tausayi. Ya ce, "Malama, yau ba a roƙo? Ko an tuba?" Na ce an tuba. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce in dai ni ce, ya ba ni zuwa Litinin.

Na fita na tsaya a bakin taga ina kallon yara suna ƙwallo, raina duk a ɓace. Na daka wa wata yarinya tsawa a kan igiyar takalmi, yarinyar da ba ta taɓa yi mini komai ba.

Juma'a, da hantsi

Ba gahawar nake kewa ba. Ƙarya nake yi, ita ma ina kewarta.

Asabar, da yamma

Auta ta iso. Ta bar yaranta wajen mijinta ta biyo motar safe. Da ta shiga ɗakin ta ga babanta, ba ta yi kuka ba, ta ajiye jaka ta fara yi wa nas tambayoyi kamar ita ce likitan. Halina ta ɗauko, shi ya sa ba ma daɗewa a ɗaki ɗaya.

Ita ce ta fara lura da hannunsa na hagu. Direba bahago ne, Allah ya taimaka wannan ɓarin ya rage mana. Hannun yana zagayawa a kan bargo, yana zagayawa, sai ya tsaya ya ɗan buga gadon, ya sake farawa. Auta ta kama kafaɗata ta ce, "Mama, dubi. Tuƙi yake yi. Baba yana cikin bas ɗinsa." Nas mai tabarau ta ce ai kuwa, sun taɓa yin wani tela da ƙafarsa ba ta daina taka keke ba.

Na ji daɗi, na kuma ji haushi. Duk shekarun nan da muka yi, da ya tashi tuna wani abu, sai ya tuna mota.

Lahadi, bayan azahar

Auta ta ɗauko murfin babbar tukunyata daga gida ta kai masa, wai ya riƙe kamar sitiyari. Ta ɗora masa a cinya tana cewa, "Baba, ina muka nufa yau? A sauke ni a kasuwa." Ya dubi murfin, ya dube ta, ya ture shi da bayan hannu. Murfin ya faɗi ya yi ta kaɗawa a ƙasa, duk 'yan ɗakin suka juyo. Tsohon da ke gadon kusa da taga ya ce ko an kawo abinci ne.

Auta ta tsince shi ta fita baranda. Na bar ta ta yi kukanta, na san ba ta son a gani.

Shi kuwa hannun ya koma aikinsa.

Talata, da safe

Ciwon kan ya ragu. Yanzu barci ne, ina tsaye ina gyangyaɗi. Kuma komai ya zama salam, shayi, burodi, maganar mutane.

Na farka tun kafin kiran salla na kwanta ina saurare. Me nake saurare? Gidan shiru. A da ina daga kwance nake jin takunsa, da buɗe kanta, da tarin nan nasa na ƙarya da yake yi don in san ya tashi. Ni kuma in ƙara jan bargo kamar ina barci, don ya zo ya tsaya a kaina da kofi yana mita. Ya san idona biyu, na san ya sani.

Laraba, da yamma

Mun yi da Auta. Likita ya ce mako mai zuwa za su sallame shi, abin da ya rage sai a gida da wajen gashin ƙashi. Muna fitowa ta ce ta riga ta yi magana da mijinta, sun gyara ɗakin baƙi. Gidansu ƙasa ne, babu bene, akwai asibiti kusa, ita kuma tana gida da rana.

Na ce mijina gidansa zai koma.

Ta ce, "Mama, wa zai zauna da shi kina makaranta? Wa zai hau da shi bene? Kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, bai san ki ba. Bai san ni ba. Ko'ina aka kai shi ɗaya ne a wurinsa."

Na ce mata ta iya bakinta. Na faɗi wasu maganganun da ba sai na rubuta ba. A motar haya kowa ta kalli tagarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tana da gaskiya. Aikina ba zai bi ni can ba, sai ƙarshen shekara nake ajiyewa. In ta tafi da shi, sai dai in riƙa zuwa ranar hutu kamar mai zuwa dubiya.

Alhamis, lokacin tara

Malamin tarihi ya fita ya bar kofinsa rabi. Na ɗauka. Na kai hanci na rufe ido. Ban sha ba, Allah ne shaidata, amma na daɗe a haka har mai shara ta shigo ta ce, "Malama, lafiya?" Na ce ƙuda nake cire masa.

Juma'a, bayan la'asar

Na cika nawa. Ina jira.

Asabar, da hantsi

Astagfirullah. Ba ciniki muke yi da Allah ba. Na sani.

Na yi masa aski yau, na goge masa wuya. Ya bar ni na yi, yadda yake barin nas. Da na sunkuyo kusa da fuskarsa sai ya ɗan shaƙi mayafina, ya kawar da kai. Ƙamshin sabulu kawai nake yi yanzu, sabulu da alli.

Na ce, "Direba, na daina fa. Gubar nan. Ka ci nasara, sai ka tashi ka yi mini dariya." Hannun yana ta zagayawa, ya buga gado, ya sake.

Litinin, da sassafe

Bari in rubuta a hankali.

Ina kwance ina sauraren shirun nan nawa, sai na ji shi ta ƙasan bene. Gurr, gurr, gurr. Injin. Matar tela ce ke niƙa wani abu. Na kasa kunne a kan gado, na ce bari in ji ƙarshensa. Domin Direba in ya gama niƙa, sai ya buga gefen injin da tafin hannu, tas tas, don garin da ya maƙale ya sauka cikin ɗan aljihun. Kullum. Da na ji bugun nan na san saura tafasa.

Matar tela ta gama niƙanta ba ta buga ba. Na yi ta jiran bugun, bai zo ba. Ina cikin jiran ne na hango hannun Direba a kan bargon asibiti, zagaye, zagaye, sannan bugu.

Wace irin mota ake tuƙawa da hannu ɗaya, gefe ɗaya, ba a taɓa komawa hagu? Na zauna gaban bas ɗin mutumin nan shekaru, na san yadda yake riƙe sitiyari. Ni da nake koyar da da'ira a allo. Kullum da safe yana can kwance yana niƙa mini, ni kuwa ina nan ina wanke labule.

Na sauka ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Matar tela ta buɗe ƙofa tana atishawa. Barkono take niƙawa a ciki tun ran da na ba ta. Ta ce wallahi bai taɓa ba ta matsala ba, laushi kamar hoda. Na ce ta ba ni abina. Ta ga fuskata, ta miƙo mini.

Litinin, da yamma

Na wanke, na shanya, na niƙa ɗanyar shinkafa a ciki har hannuna ya gaji. Har yanzu in ka kai hanci sai ka yi atishawa.

Na biya shagon da Direba yake saya. Mai shagon ya ce kwana biyu bai ga Baba ba, ko ya gaji da kashe matarsa ne? Ashe har a can yake faɗa. Na ce yana nan, ya aiko ni ne. Ya auna mini irin wadda yake saya, ni ban ma san sunanta ba. Duk shekarun nan ban taɓa sayen gahawata da kaina ba.

Auta ta ga ƙullin a kan tebur ta ce, "Mama, ba kin daina ba?" Na ce na daina. Ta dube ni kamar ni ma gadon asibitin ya kamata a nema mini.

Shuɗin kofin yana jakata.

Talata, bayan azahar

Na roƙi mai gashin ƙashi, wani mutum mai haƙuri da ba ya gaggawar magana. Ya ce in dai ba majinyacin ne zai sha ba, bismillah. Nas mai tabarau ta ara mana butar lantarkinsu. Aka zaunar da Direba a keken marasa lafiya, aka jawo masa tebur. Auta na tsaye bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Na zuba 'ya'yan gahawar na ajiye injin a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa. Na ce a raina shi ke nan, wani murfin tukunyar ne. Sai ya ɗora hannu a kan mariƙin. Injin ya zame, domin a da da hannun dama yake danne shi. Na sa hannuwana biyu na riƙe masa.

Ya fara juyawa. Da ƙyar, yana tsayawa, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ƙamshin ya tashi ya cika ɗakin, da barkononsa da komai, mai gashin ƙashi ya yi atishawa ya ba da haƙuri. Ban ɗaga kai ba, ina kallon hannun. Da ƙarar ta yi laushi ya tsaya. Ya buga gefen injin, tas tas.

Na ji Auta ta ce, "Baba," can ƙasa-ƙasa.

Ni na zuba ruwan, shi ya juya da cokali, rabi ya zube a tebur. Sannan ya sa bayan yatsunsa ya turo shuɗin kofin, a hankali, har ya taɓa hannuna. Ya ɗago. Ba fanka yake kallo ba, ba nas ba. Bakinsa ya yi ta motsi, gefe ɗaya yana ƙin bin umarni, har na ji tausayinsa na kusa cewa ya bari.

Ya ce, "Gu… ba."

Na ce, "Allah ya saka wa mai kashe ni da alheri." Ya ji. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

Ya tsaya yana jira, yadda yake tsayawa a kaina. Na tuna bencin nan mai sanyi da abin da na faɗa a kansa. Na ce ya Ubangiji, kai ka ga hannun da ya miƙo mini. Na ɗauka na sha. Ruwa-ruwa ce, gari yana yawo a sama, ga yaji kamar an watsa mini wuta a harshe. Hawaye suna zuba, nas ta ce barkonon ne, na ce ƙwarai. Na shanye har ƙasa.

Laraba, da safe

Jiya a motar haya Auta ta yi ta kallon taga. Can ta ce, "Benen nan dai, sai a nemo masu ƙarfi su hau da shi. Kuma sai an samo mai zama da shi da safe, kada ki ce mini za ki iya ke kaɗai." Na ce to. Ta ce kuma in daina yi mata kallon nan.

Na yi istigfari a kan alkawarin, zan kuma tambayi wanda ya fi ni sani abin da ya hau kaina. Abin da na iya yankewa shi ne wannan: ba fulas ɗin malamin tarihi, ba na tara, ba na la'asar. Kofi ɗaya, in shi ya niƙa. Ran da bai niƙa ba, ruwan zafi.

Har yanzu bai ce Malama ba. Mai gashin ƙashi ya ce kada in ƙwallafa rai, wata kalmar tana dawowa, wata ba ta dawowa. Na ce ba komai, wadda ya fara da ita ma tawa ce.

Gobe za a sallame shi. Na mayar da injin kan kanta, daidai inda hannun hagunsa zai kai daga zaune. Labulen kicin har yanzu ƙamshin sabulu yake yi, amma ba zai daɗe ba.